Yadda ake sa inji ya karanta darussan koyon manhaja

Duk mai haɗa darussan koyon manhaja ya san inda gizo ke saƙar. Ka ɗauki murya, ka gyara, ka ɗora, sai masu manhajar su canja sunan maballi guda, mai muryar kuma ya yi tafiya Tamale ko mura ta kama shi. Shi ya sa matasanmu na unguwannin Asawase da Aboabo a Kumasi, masu shirya darasi don wakilan MoMo, wato aika kuɗi ta waya, da 'yan shaguna a Alabar, suka koma ga injin da ke mayar da rubutu magana. Dabara ce mai kyau. Sai dai yawancinsu daga zaɓen murya suke farawa, su kwana suna sauraron wannan da waccan, alhali tun daga rubutu aikin ke lalacewa.

Fara da buɗe tebur a Excel ko Google Sheets. Kowane silaid da layinsa. A layin ka sa lambar silaid, da abin da za a faɗa, da harshen da za a faɗe shi. Lambar ita za ta zama sunan fayil ɗin sauti, kamar d02_s014, kuma ka riƙa sa sifili a gaba, in ba haka ba wasu manhajojin za su jera maka 10 kafin 2. Kada ka kuskura ka zuba darasi sukutum cikin inji ya ba ka fayil ɗaya mai minti 20. Ran da kalma guda ta canja, duka za ka sake. Injinan ma suna da iyaka: Polly, injin murya na kamfanin Amazon, ba ya karɓar fiye da haruffa 3,000 a aike ɗaya na yau da kullum.

Zaɓen murya bai kamata ya ci maka fiye da yini ba. In darasin na Turanci ne, ni dai muryoyin Turancin Najeriya na Microsoft Azure nake ɗauka, Ezinne ko Abeo, domin kunnen ɗan zango ya fi saurin kama su a kan na Amurka. In na Hausa ne, akwai MMS da kamfanin Meta ya saki a 2023, mai harsuna sama da 1,100, har da Hausa. Ana sauke shi daga Hugging Face, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan injina, yana aiki a kwamfutarka ba tare da intanet ba. Amma ka karanta lasisinsa, bai yarda a yi kasuwanci da shi ba. Darasin sa-kai na makarantar unguwa, babu laifi. Wanda za ka sayar wa kamfani, a'a.

Yanzu ga wajen da ake faɗuwa. Rubutun da ido zai karanta daban, wanda kunne zai ji daban. Na saurari darasin wani yaro mai ƙoƙari sosai, ya rubuta "danna *170#" kamar yadda yake a fosta. Injin ya haɗiye tauraron, wato sita, ya ce ɗari da saba'in, ya wuce abinsa. Hajiyar da ke koyon aikin MoMo da wayarta a hannu me za ta danna? Abin da ya kamata ya rubuta shi ne: sita, ɗaya, bakwai, sifili, hash. Haka kuɗi. GH₵250 sai ka rubuta shi "sidi ɗari biyu da hamsin". Kowace lamba, kowace kwanan wata, ka warware ta da kalmomi, domin wasu injinan in sun ci karo da alamar da ba su sani ba tsallake ta kawai suke yi, ba su ce maka komai.

Don haka ka buɗe shafi na biyu a teburin, ka mai da shi ƙamus ɗin lafazi: gefe ɗaya yadda ake rubuta kalma, ɗaya gefen yadda kake so a furta ta. Sunayen maballai na Turanci su ne kan gaba, tunda manhajar da ake koyarwa da Turanci take. Injin Hausa ba zai iya Settings ba, amma zai iya "setins". Muryar Turanci kuma za ta murɗe Kejetia da Asawase har ɗan Kumasi ya kasa gane garinsu. Kowace kalma ka gwada ta ita kaɗai, ka gyara haruffan har ta zauna daidai, sannan ka adana. Ƙamus ɗin nan ya fi sauran kayan aikin duka daraja, domin darasi na gaba ma da shi za ka yi.

Hausa tana da nata tarkon. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka inji canka yake yi. "Ka danna maballin" na iya zama umarni, na iya zama labarin cewa ka riga ka danna. Mutum zai gane daga zancen, inji ba ya ganewa, kuma mai koyo zai tsaya yana tunanin ko an wuce shi. Rubuta "Danna maballin" kai tsaye, ko "Yanzu sai ka danna". Haruffa masu ƙugiya kuma, ƙ da ɗ da ɓ, dole ne. Gboard, madannin waya na Google, yana da Hausa, babu uzuri. Jimloli su zama gajeru, umarni ɗaya a jimla ɗaya.

Ka kuma bar wa mai koyo numfashi. Bayan kowane umarni a yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku ya samu ya danna. Azure da Polly suna fahimtar SSML, wato alamomin da ake sakawa cikin rubutu a ce wa inji dakata nan, sassauta can. MMS bai san su ba, sai dai ka yanka jimlolin ka cusa shirun da ffmpeg, manhajar sarrafa fayilolin sauti da bidiyo.

Sauran aikin ɗan gajeren shirin kwamfuta ne da za ka rubuta da harshen Python: ya karanta teburin, ya musanya kalmomi daga ƙamus, ya aika kowane layi, ya ajiye sautin da lambarsa. Abu ɗaya kada ka manta, shirin ya riƙa ajiye kwafin rubutun da ya karanta, ya tsallake duk layin da bai canja ba. Microsoft da Amazon da yawan haruffa suke caji, kuma da dala, ba da sidi ba. Ko wuta aka ɗauke ana tsakiyar aiki, daga inda ya tsaya zai ci gaba.

Daga nan ka daidaita ƙarfin sautin fayilolin duka da umarnin loudnorm na ffmpeg, ka mayar da su mp3 marasa nauyi saboda datar mutane, ka jona kowanne da silaid ɗinsa, ka ɗora a Moodle, dandalin koyarwa ta intanet, ko ka tura ta WhatsApp. Kafin ka tura, saurari darasin daga farko har ƙarshe a lasifikar ƙaramar waya, a bakin titi inda ake hayaniya, domin a nan ɗalibanka za su ji shi. Duk kalmar da ta fito a karkace, a ƙamus za ka gyara ta, ka sake kunna shirin.