Yadda ake kiyaye launi daga allon kwamfuta har zuwa takarda

Kafin ka zaɓi launi ko ɗaya, fara sanin inda aikin zai ƙare: a allo za a gan shi, ko bugawa za a yi? Wannan ne zai nuna maka tsarin da za ka bi.

In na allo ne, yi aiki da RGB. Haske uku ake haɗawa, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Duka ukun su cika 255, ka samu fari. Su koma sifili, baƙi ke nan. Lambar HEX, wadda ake rubuta launi da ita a kwamfuta, wannan lissafin ne dai a dunƙule, shi ya sa #FF0000 yake nufin ja zalla. Ajiye fayil ɗinka a sRGB, ma'aunin da HP da Microsoft suka fitar a 1996.

In kuwa bugawa ne, sai CMYK, tawada huɗu (shuɗi mai haske, ja mai sirkin shunayya, rawaya da baƙi) da ake aunawa kashi cikin ɗari. A nan ne masu zane da yawa ke shan takaici. Allo fitar da haske yake yi, tawada kuwa shanye shi take yi, don haka koren da yake sheƙi a kwamfuta sai ya fito a dushe. Tambayi maɗaba'a bayanin launi na ICC, wato fayil ɗin da ke nuna yadda injinsu ke fitar da launi, ka juya aikinka zuwa gare shi, sannan ka nace a buga maka gwaji guda kafin a saki dubbai. Ni ban taɓa ganin wannan a matsayin ɓata lokaci ba. Tambarin kamfani kuma, ba shi lambar Pantone, tsarin bai wa kowane launi lambarsa, wanda ya fara tun 1963, domin duk inda aka buga ya fito iri ɗaya.

Bayan haka, kada ka sakar wa idonka komai. Ruwan toka guda ka ɗora shi a kan baƙi sai ya yi haske, a kan fari ya yi duhu. Launuka biyu su yi daidai a ƙarƙashin fitila, a fita rana su rabu. Duba gwajin a hasken D50, ma'aunin haske mai kama da na rana, wanda masu bugu suka amince da shi.

Ka tuna kuma akwai mutane, galibi maza, da ba sa bambance ja da kore sosai. Ƙara alama ko rubutu a gefen launin, kuma bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 zuwa 1, kamar yadda ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta tanada.