Darasi na Bakwai: Kuɗinka a Banki, Ajiya Ne ko Rance?

Kowa a cikinmu ya saba cewa "na kai kuɗina ajiya banki." Haka ake faɗa a Tudun Wada, haka ake faɗa a kasuwar Sabon Gari. Amma a wajen doka, ranar da ka miƙa kuɗi a kantar banki aka ba ka rasit, rance ka ba banki. Kai ne mai bin bashi, banki ne wanda ake bi.

Malamanmu na zaure sun daɗe da bambance waɗannan abubuwa biyu. In ka ba maƙwabcinka ajiyar buhun masara, ba shi da ikon taɓa ko tsaba ɗaya, kuma wannan buhun naka shi zai dawo maka da shi. In gobara ta cinye shi ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. In kuwa ranta masa ka yi, masara ta zama tasa, ya ci ko ya sayar, amma ko ɓarawo ya kwashe ta sai ya biya ka mudu da mudu. Banki yana matsayin wanda aka ranta wa. Wata babbar kotu a Ingila ta yanke haka tun 1848 a shari'ar Foley da Hill, kotunan Najeriya kuma suna bin wannan ƙa'ida har yau. Ko bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, asusunsa na yau da kullum a kan ƙardi yake, wato rance.

Wannan bambanci yana kare ku. Banki yana juya kuɗinki, Hajiya, yana ba wasu rance da su, ba sai ya tambaye ki ba. Amma in 'yan fashi suka shiga reshe suka kwashe komai, ko sisi ba za a rage a asusunki ba, domin kuɗin banki aka sata. Duk ranar da kika zo a lokacin aiki kika nemi kuɗinki ta hanyar da aka yi yarjejeniya, wajibi ne a biya ki. Don haka mai shiga banki a unguwar PZ ta Zariya ya daina sunkuyar da kai kamar mai neman taimako. Haƙƙinsa ya zo karɓa.

Banki ba ya fitar da kuɗinka sai da umarninka. Umarnin nan shi ne sa hannunka, ko dangwalen yatsanka, ko lambar sirri ta katinka. In wani ya kwaikwayi sa hannunka aka biya shi, banki ne zai ɗauki asarar, domin ba kai ka ba da umarni ba. Lambar sirri kuwa a nan ne mutanenmu suke cutuwa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Dattijo zai miƙa wa yaron POS kati, ya faɗa masa lambar da baki a gaban jama'a, don bai iya danna lambobi ba. Uwa za ta ba ɗan maƙwabta kati ya je ya ciro mata. Duk wanda ya sa katinka da lambarka, na'ura ta ɗauka kai ne, kuma da wuya ka iya ɗora wa banki laifi bayan kai ka ba da mabuɗin. Haka lambar da ake turowa ta waya, haka BVN, lambar shaidarka ta banki mai lambobi 11. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya kiran waya ya ce a karanto masa lambar sirri. Lambobin da muka koya a darasi na biyu, daga 0 zuwa 9, amfaninsu ke nan: ka danna da hannunka, ka rufe da ɗaya hannun. In kati ko waya ta ɓace, a sanar da banki a ranar, domin doka tana duba ko ka yi jinkiri.

Banki kuma zai riƙe maka sirri. Miji ba shi da ikon zuwa ya tambayi nawa ne a asusun matarsa, haka uba a asusun ɗansa baligi. Ana buɗe sirrin ne in kotu ta ba da umarni, ko doka ta tilasta, kamar binciken EFCC, ko in kai ka yarda.

Ranar da ka ci bashin banki, matsayi ya juya, kai ake bi. Kada ka dangwala wa takardar da ba a karanta maka ba. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya, da abin da zai faru in wata ya wuce ba ka biya ba. Tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar kwasar bashinsa daga asusunka na wani bankin ta hanyar BVN, kuma yardar hakan tana cikin takardar rancen da kake sa wa hannu. 'Yan kasuwa kuma su sani, ba da cek alhali babu kuɗi a asusu laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara 2.

To in wanda kake bi bashi ya karye fa? Don haka aka kafa hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin masu asusu a banki, a 1988. Tun 2024 tana biyan kowane mai asusu a bankin kasuwanci har naira miliyan 5, a ƙaramin bankin maikurofainans kuma har miliyan 2. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin. An gani a watan Yunin 2024, da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage, NDIC ce ta shiga biyan mutane. Wannan kariya ta bankuna masu lasisi ce kaɗai. Masu zuwa unguwa su ce kawo dubu goma ka karɓi ashirin ƙarshen wata, in sun gudu babu hukumar da za ta biya ka.

In an cire maka kuɗi ba ka gane dalili ba, ko na'ura ta riƙe kuɗi ba ta ba ka ba, faɗa a bakin ƙofa da mai gadi ba ya dawo da su. Ka rubuta ƙorafi, ka kai reshenka, ka karɓi lambar ƙorafin, ka riƙe kwafi mai hatimi. In mako 2 ya wuce ba a warware ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na Babban Bankin Najeriya, tare da wannan lambar.

Aikin gida: an cire maka naira 20,000 a na'ura, kuɗi bai fito ba. Rubuta wa manajan banki wasiƙa mai layi biyar. Ka sa sunanka, lambar asusunka mai lambobi 10, ranar da abin ya faru, wurin da na'urar take, da adadin kuɗin. Kada ka rubuta lambar sirri a ciki. Kowa ya zo da tasa ranar Asabar, za mu karanta su a aji.