Yadda Mai Amfani da Na'urar CPAP Zai Kiyaye Kansa Daga Illar Giya

CPAP na'ura ce da ke hura iska ta cikin abin rufe hanci domin hanyar iska ta zauna a buɗe yayin barci. Giya tana sassauta tsokokin maƙogwaro, waɗanda dama raunin su ne ke toshe hanyar iska ga mai fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Haka kuma tana dusashe faɗakarwar da ƙwaƙwalwa ke yi idan iskar oksijin ta ragu a jini, shi ya sa numfashin kan daɗe a tsaye kafin mutum ya farka. Barin giya gaba ɗaya shi ne mafi aminci.

Wanda ya sha, to ya bar tazarar aƙalla awa 3 zuwa 4 kafin ya kwanta, domin hanta a hankali take sarrafa barasa. Kada ya kuskura ya kwana ba tare da ya sanya abin rufe hancin ba, domin a irin wannan dare ne ya fi bukatar na'urar. Ya kwanta ta gefe, ba rigingine ba. Idan yana jin tashin zuciya, ya jira ya lafa kafin ya sanya marufin ya kwanta, saboda amai a cikin marufin da ya rufe baki da hanci yana iya shiga huhu.

Haɗa giya da maganin barci ko tiramadol haɗari ne babba ga numfashi.

Da safe ya duba rahoton na'urar: idan tsayawar numfashi ta wuce sau 5 a awa ɗaya, ya sanar da likitansa, ya kuma gaya masa gaskiyar abin da yake sha, maimakon ya canza ƙarfin iskar da kansa.