Yaro mai jan gindi maimakon rarrafe: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara

Ba kowane yaro ne ke rarrafe ba. Wani da zarar zama ya kankama sai ya miƙe ƙafafu gaba, ya kafa dunduniya a ƙasa, ya janyo jiki yana zaune, a haka zai zagaye tsakar gida. Jan gindi shi kansa ba ciwo ba ne, kuma yakan bi jini, in aka bincika sau da yawa uwa ko uba ko wani kawu haka ya yi. Irin waɗannan yaran sukan makara da tafiya, da yawansu sai tsakanin wata 18 zuwa shekara 2 suke takawa. Abin lura shi ne yadda yaron yake jan jikin, da ko ana ganin ci gaba wata bayan wata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna yaro da ɗan maƙwabta. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda ya haɗa da yaran Ghana, lafiyayyun yara sun fara zama da kansu tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, tafiya kuma tsakanin wata 8 zuwa kusan 18. Kimanin 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam. In kuma bakwaini ne, a cire watannin da ya rigayi lokacinsa: wanda aka haifa saura wata 2, ranar da ya cika shekara lissafinsa wata 10 ne.

Na biyu shi ne gaggawar koya zama. Tun yaro yana wata 3 ko 4 za a dasa shi cikin baho ko kwali, a tokare shi da zannuwa, ya wuni a haka, in an ɗauke shi kuma sai goyo. Goyo ba laifi ba ne, matsalar ita ce ranar takan ƙare cikinsa bai taɓa tabarma ba. Ƙarfin kafaɗa da hannu da ake rarrafe da shi a kwanciyar rub da ciki ake samunsa, lokacin da yaro ke dogara hannu yana ɗaga ƙirji. Wanda ya saba a zaunar da shi bai san hanyar shiga zama ko fita daga shi ba, in ya hango abin da yake so sai ya tafi a yadda aka ajiye shi. Gyaran shi ne kwanciyar rub da ciki idonsa biyu, babba na kallonsa, aƙalla minti 30 a wuni ga jaririn da bai fara motsawa ba, a rarraba kaɗan-kaɗan. In yana kuka, a fara da minti 1 ko 2 a kan ƙirjin uwa, ko a naɗe tawul a sa ƙarƙashin hammatarsa, uwa ta kwanta gabansa tana yi masa magana. Kada a yi da ya gama shan nono, zai yi tumbuɗi. Barci kuwa a rigingine ne, wannan ba ya canjawa.

Sai keken zama mai tayoyi da ake saya a kasuwa don wai a kawo tafiya da wuri. Ba ya kawowa. Wurin zaman ne ke ɗauke da nauyin yaro, shi yana tura ƙasa da kan yatsu, ba ya ganin ƙafafunsa, ba ya koyon daidaita jiki. Ga haɗari: dokin ƙofa, bakin murhu, bokitin ruwa. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Keken katako mai ƙafa uku da ake turawa ya fi shi, amma sai yaro ya fara miƙewa da kansa yana bin bango, kuma a riƙe masa keken don kada ya zille.

Akwai kuma riƙe hannuwan yaro sama ana jansa da tatata. Mai jan gindi in aka ɗaga shi yakan naɗe ƙafafu kamar yana zaune a iska, ya ƙi taka ƙasa, jan hannu kuwa wahalar da kafaɗa da gwiwar hannu kawai yake yi. Abin da ke aiki daga ƙasa ake farawa. Uwa ta zauna a tabarma, ta ɗora shi a kan cinyarta ko ƴar kujerar tsuguno, tafin ƙafarsa duka biyu a shimfiɗe a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe. A ajiye abin wasa a kan gado ko kujera gabansa, a riƙe shi a ƙugu, a ɗan karkata shi gaba har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, zai yunƙura ya miƙe. A durƙusar da shi a jikin filo mai tauri yana wasa a kan gwiwa. In yana zaune, a sa abin wasan a gefe, can nesa kaɗan, yadda sai ya juya ya dafa ƙasa kafin ya kai, yau dama gobe hagu. A jefa filo ko a miƙe masa ƙafa a hanya ya haura, don ba a haura abu da ɗuwawu. Minti 5 sau uku ko huɗu a wuni ya fi zama ɗaya mai tsawo da kuka.

Takalmi mai tauri ba ya taimakawa, a cikin ɗaki a bar shi ba takalmi. Tayil da leda masu santsi suna sauƙaƙa jan gindi, tabarma ko darduma sun fi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ce ai gado ne a naɗe hannu, ko a ɗora wa kwanika ko haƙora, a tafi tsaga. A kai yaro asibiti in kullum ɓari ɗaya yake ja da shi, ɗaya hannun a dunƙule ko ƙafa ɗaya tana bin baya; in ya zaɓi hannu ɗaya tun kafin shekara; in ƙafafunsa suna sandarewa suna harɗewa, ko jikinsa ya yi laƙwas; in bai zauna da kansa ba a wata 9; in ƙafa ɗaya ta fi gajarta ko cinya ba ta buɗewa wajen sa masa nafkin; ko in ya daina abin da ya iya a da. Wanda bai yi kuka ba lokacin haihuwa, ko ya yi shawara mai tsanani, ko sanƙarau, ba a jira da shi. Ƙafar da ta saki farat ɗaya kuwa a kai rahoto asibiti ranar, ana gwada bayan gidan yaron don shan-inna. Kumburin wuyan hannu da gwamewar ƙafa na iya zama laushin ƙashi daga ƙarancin sinadarin kalsiyam, wanda kunun hatsi zalla ba ya wadatarwa, sai an haɗa da madara ko kindirmo, waken suya da garin ƙananan kifi.

Ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, yaron da ya cika wata 18 bai taka ba a duba shi. Ranakun riga-kafin ƙyanda na wata 9 da wata 15 dama ce ta tambayar ma'aikaciyar awo, ita za ta tura ku wurin likitan yara ko sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A tafi da katin riga-kafi, a kuma ɗauki bidiyon yaron a waya yana jan jiki a gida, don yara da yawa in suka ga baƙon wuri sai su maƙale a jikin uwa su ƙi motsi.