Yadda ɗalibin Tawa zai nemi gurbi a jami'ar Dakar ta bakin teku

Da zarar an kafe sakamakon bak, wato jarrabawar kammala lise, a Tawa, ba a rasa wanda zai ce shi Dakar ya nufa, kuma sau da yawa idan aka bi diddigi sai a tarar hoton teku ya gani a wayar wani yayansa. Jami'ar Cheikh Anta Diop lallai a gaɓar tekun Atlantika take, a unguwar Fann, titin Kornish ne kawai ya raba ta da ruwa. An kafa ta a 1957, aka raɗa mata sunan masanin tarihin nan na Senegal a 1987, shekara guda bayan rasuwarsa. Sai dai kafin a yi maganar tafiya, ya kamata ɗalibi ya zauna da mahaifansa su amsa tambaya guda: wane karatu ne ake yi a can wanda ba a samunsa a Jami'ar Djibo Hamani ta nan gida ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai?

Manyan tsangayoyin jami'ar sun haɗa da ta adabi da nazarin ɗan Adam, da ta kimiyya, da ta shari'a da siyasa, da ta tattalin arziki, da ta likitanci da haɗa magunguna da aikin haƙori, da ta horar da malamai. Tsarin karatu iri ɗaya ne da namu: lisansi shekara 3, zango 6, kiredi 180. A ganina, wanda shari'a ko adabi kawai yake so bai da dalilin barin gida, domin a shekarar farko ɗalibai sun yi yawa ƙwarai, har wanda bai yi sammako ba yakan saurari malami daga bakin ƙofa.

Inda Dakar ta yi zarra shi ne makarantunta na ƙwarewa. CESTI tana horar da ƴan jarida, EBAD tana horar da masu kula da ɗakunan karatu da ajiyar takardun tarihi, ESP kuma ta injiniyoyi ce, kuma duka ukun sai an tace ɗalibi kafin a ɗauke shi. Akwai IUPA, cibiyar nazarin su da kiwon kifi, wadda ɗan ƙasar da ba ta da teku zai iya ɗauka ba ta shafe shi ba, alhali duk wanda ya ga masunta a tafkin Tabalak, ko a Madarumfa, ko a kogin Kwara, ya san muna da ruwan da ke jiran masu ilimin kiwon kifi. Ga kuma EISMV, makarantar likitocin dabbobi da aka buɗe a 1968, wadda ƙasashe da dama suka haɗu suka mallaka, har da Nijar. Ɗan da ya tashi yana bin shanun Azawak zuwa rijiya, ya kuma ci bak ɗin kimiyya da maki mai kyau, wannan ita ce ƙofar da zan fara nuna masa, kuma hanya mafi tabbas ita ce ta hukumomin ƙasarmu, tun da ƙasashe membobi ne ke gabatar da ɗalibansu.

Idan an tsayar da fanni, sai a shiga haɗa takardu tun kafin damina ta yi nisa: shaidar cin bak da takardar maki, da takardun maki na ajujuwan lise, da takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da fasfo, da hotuna, da katin allurar shawara. Kowace a yi mata kofi da yawa a kai a buga hatimin tabbatarwa, a kuma duba rubutun suna harafi bayan harafi, domin wanda aka rubuta Mahamadou a wata takarda, Mahamadu a wata, zai iya kwashe makonni yana zarya tsakanin ofisoshi. Mai neman bursi ya ajiye takardunsa a ANAB, hukumar ba da bursi ta Nijar, cikin lokacin da ta ƙayyade. Game da kuɗin rajista, UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ta kafa ƙa'ida tun 2005 cewa a daidaita ɗaliban ƙasashenta da ƴan gida, duk da haka a nemi adadin a rubuce daga ofishin rajistar tsangayar kafin a sayar da ko tunkiya ɗaya, musamman a fannin likitanci.

Kuɗin da ake kashewa sefa ce irin tamu, amma jikar da ke cika leda a kasuwar Tawa ba ta zuwa ko'ina a Dakar. Hukumar COUD ce ke kula da ɗakunan kwana da gidajen abinci, inda ake cin shinkafa da kifi da tikiti mai rahusa, sai dai gadaje ba su isa ba, shi ya sa baƙi kan haɗa kuɗi su kama ɗaki a Fass, ko Gueule Tapée, ko Medina, su riƙa takawa da ƙafa. A tanadi kuɗin da zai wuce na shekara guda, saboda kalandar karatu takan zame; an rufe harabar jami'ar a watan Yuni na 2023 bayan tarzoma, ba a koma aji ba sai cikin 2024. Darasi da Faransanci ake yi, amma ciniki da mota da gaisuwar maƙwabta duk da Wolof ne, kuma wanda ya iya gaisuwa cikin makon farko ya rage wa kansa wahala.

Da isa, ɗalibi ya yi rajista a ofishin jakadancin Nijar, ya kuma nemi ƴan ƙasarmu da suka riga shi. Ya zo da rigar sanyi, domin iskar teku takan yi kaifi daga Disamba har wajen Afrilu, watan da a Tawa an riga an fara kwana a tsakar gida. Danshi da gishirin iska suna sa ƙarfe tsatsa, suna ɓata takarda, don haka a adana shaidun karatu cikin leda mai rufi, kwamfuta kuma kada a bar ta a bakin taga. Da yamma ɗaruruwan matasa kan fito Kornish suna gudu da motsa jiki, shiga cikinsu kuma ba ya cin ko dala. Ruwan kansa a tsaya daga nesa, domin gaɓar wajen duwatsu ce, igiyar tana da ja, kuma iyon da aka koya a tafkin damina ba ya fid da mutum a nan.