In kana rubuta waƙa kana son ta amfani jama'a, ga hanyar da Dolly Parton ta bi

Na daɗe ina jin waƙoƙin kantiri, irin waƙar nan ta mutanen karkarar kudancin Amurka da ake yi da jita da goge, kuma gaskiya a duk mawaƙan babu wadda lamarinta ya tsaya min a rai kamar Dolly Parton. Matar nan an haife ta a 1946 a gundumar Sevier ta jihar Tenesi, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, gidansu ɗan ɗaki ne na katako a gindin duwatsu, amma yau littattafan da gidauniyarta ta aika wa yara kyauta sun haura miliyan 200. Toh abin bai zo a sama ba, akwai yadda ta jera shi daki-daki, kuma duk mai rubuta waƙa da yake da niyyar taimako zai iya ɗaukar wani abu a ciki.

Ka fara da rubutu, ka riƙe shi da gaske. Mutane suna ganin gashi da kwalliya sai su ɗauka muryar ce ta kai ta, alhali alƙalami ne ya fara buɗe mata ƙofa. Washegarin ranar da ta gama sakandare a 1964 ta hau mota ta tafi Nashbil, cibiyar wannan waƙa, kuma kafin a san ta a matsayin mawaƙiya sai da wasu suka fara rera abin da ita da kawunta Bill Owens suka rubuta. Kuma me take rubutawa? Abin da ta sani. Coat of Many Colors ta 1971 labarin rigar sanyi ce da mahaifiyarta ta ɗinka mata da tsummokara, yara suka yi ta mata dariya a makaranta. Kaga in talauci ka sani ka rubuta talauci, kar ka je kana aron rayuwar da ba taka ba.

Yanzu ga babban wajen, kuma a nan zan ɗan daɗe don nan ne yawancin mawaƙa suke faɗuwa. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai haƙƙin rubutun, wato baitocin da karin, akwai kuma haƙƙin faifan da aka naɗa a situdiyo. Na faifan sau da yawa kamfani ne yake riƙe da shi saboda shi ya kashe kuɗin naɗi, amma na rubutun naka ne tun ranar da ka rubuta, sai dai in kai ka sa hannu ka bayar. Kuma shi ne yake kawo kuɗi duk lokacin da rediyo ta sa waƙar, ko wani ya sake rera ta, ko aka saka ta a fim. A Amurka marubuci yana rajistar waƙarsa a ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa, sannan ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suke karɓo masa kuɗin, kamar BMI ko ASCAP. Dolly tun tana 'yar shekara ashirin da ɗoriya ita da kawun nata suka buɗe nasu kamfanin riƙe waƙoƙi, a lokacin da mata kaɗan ne suke irin wannan tunani.

Ranar da abin ya yi mata rana ita ce ranar da Elvis Presley, fitaccen mawaƙin nan na Amurka da ake kira sarkin waƙar rok, ya so ya rera waƙarta I Will Always Love You. Ka tsaya ka yi tunani, Elvis guda fa, a shekarun 1970. Sai manajansa Kanar Tom Parker ya ce sharaɗinsu sai an ba su rabin haƙƙin rubutun. Ta ce a'a, kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa ta yi kuka sosai a kan abin, don tana matuƙar son ta ji muryarsa a waƙarta. Wallahi ni duk sanda na tuna wannan sai in ji wani iri, don na san mutum 99 cikin 100 da sun sa hannu kafin a rufe baki. Aka yi shekara kusan ashirin, a 1992 Whitney Houston ta rera waƙar a fim ɗin The Bodyguard, ta yi sati 14 tana ta ɗaya a jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kuma rabon marubuci da na mai riƙe waƙa duk hannun Dolly ya shiga babu wanda ya gutsira. Don haka duk takardar da aka miƙo maka kar ka sa hannu a ranar, ka kai wa lauyan da ya san harkar waƙa, ka tambaye shi kai tsaye wa zai mallaki rubutun, har shekara nawa, kuma yaushe zai dawo hannunka. Wanda ya sayar da gonarsa ba shi da hatsin da zai yi zakka da shi.

Ita wannan waƙar ma ai ta bankwana ce. Ta rubuta ta ne ga Porter Wagoner, mutumin da ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin a 1967 ya fito da ita duniya ta san ta, ta bar shirin a 1974. Rabuwar ba ta yi daɗi ba, har kotu ya kai ta daga baya aka sasanta, amma ba ta yar da shi ba, da yana jinyar ajali a 2007 ta je ta zauna a gefensa. In lokacin barin ubangida ya yi ka bari, amma ka bar ƙofa a buɗe.

Da kuɗi suka fara zama, ina ta kai su? Gida. A 1986 ta haɗa hannu da iyalan Herschend da suke da wani wurin shaƙatawa a garin Pigeon Forge, cikin gundumarsu, aka mayar da shi Dollywood. Wannan kasuwanci ne, riba ake nema, amma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a yankin, kaga mutanen da da sai sun bar gida neman aiki sun samu a kusa. Daga nan ne a 1988 ta kafa Gidauniyar Dollywood. Ka lura da jerin, sai da ta samu abin da yake kawo kuɗi ko ba ta hau dandali ba sannan ta ɗauki alkawarin da za a riƙa cikawa duk shekara. Kar ka yi alkawarin wata-wata da kuɗin da sai an gayyace ka wasa kake samu.

Sannan ka zaɓi matsala ɗaya da ka san zafinta, ka gwada da kaɗan. Ita yaran gundumarsu ta gani suna barin makaranta, sai a farkon shekarun 1990 ta tara 'yan aji bakwai da takwas ta ce kowa ya zaɓi aboki su riƙe juna, in sun kammala sakandare za ta ba kowa dala 500. A wannan rukunin masu barin makaranta sun sauka daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 6. Amma ba ta tsaya tana murna ba, ta gane cewa matsalar tun kafin yaro ya shiga aji ɗaya take farawa, wasu yaran suna zuwa makaranta ba su taɓa riƙe littafi ba. Kuma abin ya taɓa ta a jiki, don mahaifinta Robert Lee Parton mutum ne mai basira amma bai iya karatu da rubutu ba har ya tsufa.

Haka aka haifi Imagination Library a 1995, kuma ina son ka kalli yadda aka gina shi don nan darasin yake. Duk yaron da aka yi wa rajista, daga haihuwa har ya cika shekara 5, duk wata littafi ɗaya zai zo masa ta gidan waya da sunansa a jiki, wanda aka sa tun yana jariri zai tashi da littafi 60. Ba a tambayar albashin iyaye, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duk ɗaya, kuma wannan da gangan ne don kar wani yaro ya ji cewa littafin sadaka ake kawo masa. Ni dai wannan tunanin shi ya fi burge ni a duk aikin, mutumin da aka taɓa yi wa dariya saboda rigar tsumma ne kawai zai tuna da irin wannan. Mahaifin nata ya ga farkon abin kafin rasuwarsa a 2000, ya ji yara suna kiran 'yarsa matar littafi.

Toh ya aka yi abin gunduma ɗaya ya kai ƙasashe biyar? Ba ita take biyan komai ba, kuma kai ma kar ka ce komai daga aljihunka zai fita. Gidauniyar tana da kwamitin masana da suke zaɓen littattafai daidai da shekarun yaro, tana riƙe da rumbun sunaye, tana sayen littattafan da yawa lokaci guda don farashi ya sauka, tana tsara aikawa. Su kuma mutanen kowane gari, ko laburare ne ko wata ƙungiya ko gwamnatin jiha, su suke tara kuɗin littafi da na gidan waya na yaransu, su yi musu rajista. Da haka aka buɗe shi ga sauran Amurka a 2000, ya mamaye jihar Tenesi a 2004, ya shiga Kanada a 2006, Birtaniya a 2007, Ostareliya a 2013, Ailan a 2019. A 2018 ta kai littafi na miliyan 100 babban laburaren majalisar dokoki a Washinton. Tsarin yana tafiya ko tana nan ko ba ta nan.

In bala'i ya faɗo kuwa, ka yi sauri kuma ka yarda da mutane. A Nuwamban 2016 gobarar daji ta cinye yankin Gatlinburg da ke gundumarsu, mutum 14 suka rasu, gidaje da yawa suka ƙone. Cikin 'yan kwanaki ta sanar da asusun My People Fund, ta kira abokan sana'arta aka yi shirin neman gudummawa a talabijin, duk iyalin da gidan zamansu ya ƙone aka riƙa ba su dala 1,000 duk wata na wata biyar, a wata na shida kuma na ƙarshe da kuɗi suka yi rara aka ba su dala 5,000, jimilla dala 10,000, iyalai wajen 900. Kuɗi ne a hannu, ba a ce dole ka sayi kaza ba, don wanda gidansa ya ƙone ya fi ka sanin ko haya ce ta dame shi ko magani.

Abin da ba fanninka ba ne kuma ka miƙa wa masu shi. A 2020 ta ba cibiyar lafiya ta jami'ar Vanderbilt dala miliyan 1 don binciken korona, wani ɓangare ya shiga aikin da ya taimaka wa rigakafin kamfanin magunguna na Moderna, ita ba ta tsoma baki a yadda za su yi bincikensu ba. Da 'yan majalisar Tenesi suka kawo maganar kafa mata mutum-mutumi a 2021 ma roƙonsu ta yi su janye, ta ce ba lokacinsa ba ne da halin da ake ciki.

In kana zaune a ɗaya daga cikin ƙasashen nan biyar kuma kana da yaron da bai kai shekara 5 ba, ka shiga shafin Imagination Library a intanet ka sa lambar unguwarka ka gani ko akwai shirin a wajenku, don ba kowane gari ne ya shiga ba. In akwai, sunan yaro da ranar haihuwarsa da adireshi kawai za ka cike, ka ɗan yi haƙuri wata biyu zuwa uku littafin farko zai iso, in kun tashi daga gidan kuma ka tuna ka canza adireshin. In babu, laburaren garinku za ka fara zuwa ka yi musu maganar, don galibi daga nan ake haɗa waɗanda za su ɗauki nauyi.