Yadda nake zuba dalmar fatsa da birgi a gida

Wani ƙanina ne ya dameni da tambaya wai a ina nake samun dalmar da nake ɗaurawa a fatsa in za mu kamun kifi dam ɗin Lamingo ko tsoffin ramukan kuza, nace masa ai da hannuna nake zubawa, ba wuya, amma fa sai ka kiyaye sosai.

Dalmar dai wajen masu faci da balansin taya nake samowa a Farin Gada, irin guntayen nan da ake maƙalawa a jikin rim. Ka ɗauki filaya ka datse kowanne, in ta lotsa da sauƙi dalma ce, in ta ƙi to zinki ne ko ƙarfe, ware shi gefe. Batirin mota kuwa don Allah kar ka fasa shi, acid ne da guba kawai zaka kwasa.

Ka nemi tsohon kaskon ƙarfe da cokali wanda ba za su sake shiga kicin ba har abada, ka hura gawayi a kurfoti a fili, iska tana bugun bayanka ba fuskarka ba. Dalma tana narkewa a digiri 327, gawayi ya isa. In ta narke ƙarafunan maƙalawa da ke jikin guntayen za su taso sama tare da datti, ka jefa ɗan guntun kyandir ka juya, zai kama wuta kar ka firgita, sai ka kwashe dattin ka zuba a gwangwani mai murfi.

Inda mutane suke cin wuya shine ruwa. Ɗigo ɗaya ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma sai ta yi tsalle. Ni na taɓa barin mazubina, wato abin da nake zuba narkakkiyar dalmar a ciki ta ɗau siffa, a waje ya kwana, kun san raɓar Jos da safe, ina zubawa naji fat! wallahi har yau tabon yana bayan hannuna. Tun daga ranar sai na gasa mazubin a gefen wuta ya bushe ƙarau, na sa safar hannu ta fata da gilas da takalmi rufaffe. Busasshen katako mai tauri da aka huda ma yana yin mazubi, ka tsayar da siririyar ƙusa a tsakiya don ramin zare, in ta huce ka zare da filaya.

Yara kuma kar su zo kusa ko kaɗan, balle mai ciki. Kowa ya tuna 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ƙurarta ce ta bi su har cikin gida. Ba cin goro ba shan sigari wajen aikin, ka gama ka wanke hannu da sabulu, kayan jikinka a wanke su daban.

Ƙanin nawa har da cewa to harsashi fa Yaya? Nace rufa min asiri, wannan dokar makamai ta hana ba lasisi, ɗauri ne. Washegari na zuba masa guda goma sha biyu na fatsa, biyu sun fito da rami saboda mazubin bai yi zafi ba, na mayar dasu kasko.